Amsar Kawu kan kabarin tsohon mayaƙin Amurka

Ɗiyata, saƙonki ya iso, mutanen gida duk lafiya. Kin ce iyayen ƙawarki sun gayyace ki maƙabarta a jihar Bajiniya, za su kafa alama a kabarin wani kakansu da ya yi yaƙin neman 'yancin Amurka. Kina tambaya ko ibada ce, kuma yaya aka yi suka san labarin mutumin da ya kusa shekara 200 a ƙasa.

Ba ibada ba ce, karramawa ce, ko da yake sukan buɗe taron da addu'a irin tasu.

An gwabza wannan yaƙi da Ingila daga 1775 zuwa 1783. Akwai sojan dindindin a ƙarƙashin Joj Washinton, akwai kuma mayaƙan gari, wato manoma da maƙera da 'yan tireda waɗanda doka ta wajabta wa ba da suna tun suna shekara 16. A kira mutum wata biyu ko uku, ya koma gonarsa, in ta sake ɓaci a sake kiransa. Ba kullum suke abin kirki ba. A fagen daga na Kamdin, a 1780, da yawansu sun zubar da bindiga suka ranta a na kare. Amma a fagen daga na Kawfens, a 1781, Janar Daniyel Mogan ya san iyakarsu, ya ce su yi harbi sau biyu kawai su ja da baya. Sojan Ingila suka zaci gudu ne, suka biyo su har cikin tarko.

Fansho ne ya adana sunayensu. Dokar 1818 sojan dindindin mabuƙata kaɗai ta duba. Sai a 1832 aka tuna da mayaƙan gari, aka ce duk wanda ya haɗa wata 6 yana da rabo. To, a lokacin yawancinsu sun haura saba'in, takardar sallama ta ɓace, ga shi gobarar 1800 ta cinye takardun ofishin yaƙi. Dole tsoho ya je kotu ya rantse, ya faɗi inda aka haife shi, sunan kyaftin ɗinsa, da garuruwan da ya taka, sannan ya kawo fasto da maƙwabci su shaida cewa gari ya san shi da wannan tarihi. Matan da suka rasa mazajensu kuwa, bayan dokar 1836, wasu sai da suka yage shafin Baibul ɗin gida inda aka rubuta ranar aure da haihuwar 'ya'ya, suka aika a matsayin hujja. Wannan abu yana taɓa mini zuciya matuƙa. Fayil kusan 80,000 suna nan a ma'adanar tarihi ta ƙasa a Washinton.

Masu kafa alamar yawanci 'yan ƙungiyar SAR ne ta maza, wadda aka kafa a 1889, ko DAR ta mata, ta 1890, wato ƙungiyoyin zuriyar waɗanda suka yi fafutukar 'yancin, ba a shiga sai an tabbatar da nasaba. Mu nan tsohuwa ta jero kakanni bakwai da ka, kowa ya yarda. Su kuwa kowane hawa sai an kawo takarda: ta haihuwa, ta aure, ko wasiyya. Na yaba da wannan ƙwazo.

Amma ki sani takarda ba ta yi wa kowa adalci ba. An ƙiyasta baƙaƙen fata kusan 5,000 sun yi yaƙin a ɓangaren Amurka, alhali ƙidayar ƙasar ba ta rubuta sunayen bayi ba, sai a 1870 bayan an 'yanta su. Jikokinsu da yawa nan sawu ke ɓace musu. Ita ma DAR, a 1939 ta hana mawaƙiya Mariyan Andason zauren taronta saboda launin fata, har Elina Rusbelt, matar shugaban ƙasa, ta fice daga ƙungiyar. Yau sun buɗe ƙofa, amma sun daɗe ba su buɗe ba.

Ki je, ki yi shigarki ta mutunci, in ana addu'arsu ki tsaya shiru. In an watse, ki roƙi mahaifiyar ƙawarki ta nuna miki kwafin rantsuwar tsohon. Ki duba mini wata nawa ya yi, da wane kyaftin, kuma ko shi ya rubuta sunansa a ƙasa ko alamar X ya yi.