Amsa ga ƙanenmu da filash ɗinsa ke ƙin tashi

Assalamu alaikum 'yan gida. Ku yi haƙuri da murya, hannuna ba sarari. Ƙanena da ya yi tambaya ɗazu, ka ce ka sayi filash Godox TT600, in yana kan kamara lafiya lau, da ka sauke shi ka ɗaura a sanda sai ya tashi yanzu, anjima ya yi gum, wai ko ka mayar wa mai shago. Kar ka mayar, lafiyarsa ƙalau. Ni abin da na fahimta, ba ka da tiriga, wato 'yar na'urar da ake ɗaura wa kamara ta tashi filash daga nesa, ka sa shi a saitin S1 kana jira ɗan filash ɗin kan kamara ya tashe shi. Ko ba haka ba ne?

To S1 da S2 ɗin nan ido ne kawai a gaban filash ɗin, walƙiya yake jira. A S1 duk walƙiyar da ya fara gani zai bi ta. Shi kuwa ƙaramin na kamara, in yana TTL, wato kamara ce ke auna masa haske da kanta, sau biyu yake haskawa, na farko na awo ne, idonka ba zai raba su ba. Sai naka ya bi na awon, ya gama kafin shata, wato ƙofar da haske ke shiga kamara, ta buɗe, hoto ya fito da duhu, kai kuma ka rantse ka ga ya haska. S2 shi ke tsallake na awon. A ɗaki zai yi maka aiki. Amma fita da shi tsakar gida da rana tsaka, idon ba ya gani. A wurin biki kuwa duk mai kamarar da ya danna, naka ya tashi, kafin a shigo da amarya batir ya mutu.

Ka nemi tiriga, X2T ko XPro, shi ke nan. Rediyo ne, 2.4GHz, ba ruwansa da rana, ba sai ya hango filash ba. TT600 da risiba, mai karɓar saƙon tiriga, a cikinsa, ba ka buƙatar sayen wani abu ka maƙala masa a gindi. Sai dai ka duba harafin ƙarshe kafin ka biya: C na Canon, N na Nikon, S na Sony. Filash ɗin ba ya zaɓe tunda a sanda yake, tirigar ce ke zaɓen kamara. Tasha ta zama ɗaya a duka biyun, rukuni ma haka, in filash yana A ka tabbata A a kunne take a tiriga.

Kuma don Allah jama'a, tasha 32 aka ba mu, me ya sa kowa ya maƙale a ta 1? Akwai wata dina da na yi, dangin ango suka zo da nasu mai hoton, ba laifi, ai an saba. Na kafa fitilu biyu gefen kujerar amarya, na auna komai. Ana fara liƙi sai na ga fitiluna suna ta walƙiya, ni ko yatsana bai taɓa maɓalli ba. Ashe bawan Allahn nan a tasha ɗaya muke, shi ke ta danna min su, har yana canza min ƙarfi daga tirigarsa. In na zo ɗauka fitila ba ta gama caji ba. Na same shi cikin ladabi na ce malam mu raba tasha. Budar bakinsa wai shi a 1 yake aiki tun da ya fara sana'a, ni in canza. A tsakiyar taro, amarya na tsaye, in kutsa cikin mata in sauke sanda biyu! Na yi dai, ya zan yi. Daga baya har yana nuna wa mutane hotunansa wai ku ga haske. Hasken wa? To, a bar maganar.

Akwai kuma ID, wata lamba ce ta shaida, daga 01 zuwa 99, in ka sa ko tasharku ɗaya da wani ba zai shigo maka ba. Au, tsaya, kai da TT600 ka fara duba saitinsa. In ba ka ga ID a ciki ba, ka bar na tiriga a OFF, in ba haka ba ko gezau ba zai yi ba, ka dawo kana cewa tirigar ma jabu ce.

Saurin shata kuma kar ka wuce 1/200 na daƙiƙa, wasu kamarorin 1/250. Da ka wuce za ka ga baƙin shafi ya cinye gefen hoto, labulen shata ne ya tare hasken. Akwai HSS, saitin da ke ba ka damar wuce wannan iyaka, TT600 yana yi da waɗannan tirigogin, amma yana shan ƙarfin filash sosai, bari sai hannunka ya faɗa. Fara da ƙarfin filash 1/8, a kamara ka sa f/4 da ISO 400, lema fara ta tausasa haske, ɗan sama da kan mutum, ta gefe. Fuska ta yi duhu? Matso da sanda kafin ka ƙara ƙarfi, don in ka ninka nisa, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne zai isa. Bayan mutum ya yi duhu, sassauta shata, ita ke shigo da hasken wuri. Kuma in ana iskar hunturu ka ɗora wa ƙafar sanda nauyi, ko ka sa yaro ya riƙe, lema ba ta da amana.

Ba ka faɗi wace kamara gare ka ba. In Canon 4000D ce ko 250D, mazaunin filash ɗinsu ba shi da babban ƙarfen nan na tsakiya, tirigogi masu arha ba sa tashi a kai, na Godox ma tsoffin sai an sabunta musu manhaja. Ɗauko min hoton saman kamarar ka turo nan in gani kafin ka je kasuwa.