Tambaya da Amsa: Layin R ya yi tsawo, ya zan karya shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a nan Jidda, ina mastas a fannin lafiyar al'umma. Manhajar nazarin alƙaluma ta Stata na saba da ita, in umarni ya yi tsawo sai in sa /// in sauko ƙasa. Yanzu an ce manhajar R za mu yi, na raba lissafi layi biyu, bai nuna min kuskure ba amma amsar ba daidai ba ce. Dan Allah ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. To kin ga shi R babu ruwansa da ///, ba shi ma da wata alama ta cewa a ci gaba. Ƙarshen layi kawai yake dubawa, in maganar ta cika sai ya aiwatar nan take, ba ya leƙa ƙasa ya ga ko akwai saura. Ina zaton haka kika rubuta:

jimla <- maza
+ mata

Layin farko ya cika da kansa, sai ya zuba maza kaɗai cikin jimla, na biyun kuma ya ɗauke shi wani umarni daban ya bugo miki adadin mata ya wuce abinsa, shiru kake ji. Wlh wannan ya fi jan rubutun kuskure haɗari, domin mutum zai iya kai lambar har cikin kundinsa bai sani ba. Gyaran shi ne ki bar alamar tarawar a ƙarshen layin sama:

jimla <- maza +
mata

Haka |> ɗin da ya shigo a R 4.1 a 2021 (alamar miƙa sakamako ga umarni na gaba), haka + na ggplot2 (kayan zana jadawali na R), duk a ƙarshen layi suke zama ba a farko ba. Ko ki buɗe baka, wato ( ), ki rubuta komai a ciki, muddin ba ki rufe ba, zai yi ta jiranki, ni wannan na fi so in lissafin na da tsawo.

In kika ga + ya fito a gefen hagu na tagar da R ke karɓar umarni maimakon > to jira yake, wata baka ce ko alamar zance ba ki rufe ba, danna Esc a RStudio (manhajar da ake rubuta R a ciki) ki sake dubawa.

Sai abu ɗaya da ke yawan kama mu nan Saudiyya, kibod. Kina hira da Larabci a WhatsApp na kwamfuta, kin dawo ba ki canza ba, waƙafin Larabci ، ya shige, a ido kusan ɗaya ne amma R bai san shi ba sam. Ki duba shi tun kafin ki fara zargin lissafinki. In kin koma Stata kuma, /// a cikin do-file (fayil ɗin da ake jera umarni) take aiki, kuma sai da tazara kafin ta.