Yadda ake tantance rahoton ɗorewa na kamfanin magani a lokacin korona

Malam, ka tambayi yadda za a gane ko rahoton ɗorewa (bayanin yadda kamfani ke kula da muhalli, ma'aikata da al'umma) da kamfanonin magani suka fitar a 2020 da 2021 gaskiya ne ko talla. Tsallake shafukan farko masu hoton ma'aikata sanye da takunkumi suna miƙa kwalayen tallafi, ka wuce can baya wurin jadawalin GRI, wato ma'aunin duniya na rubuta irin wannan rahoto, inda kowane batu ke da lambarsa.

Duba lamba 403, ta lafiyar ma'aikata. Mutum nawa suka kamu? An ƙirga 'yan kwangila, ko an bar masu shara da direbobi a waje? A nan aka fi yin rufa-rufa, alhali su suka fi shiga haɗari. Sai lamba 306, ta shara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tan 87,000 na kayan kariya aka saya ta hannun Majalisar Ɗinkin Duniya daga Maris 2020 zuwa Nuwamba 2021, akasarinsu kuma bola suka nufa. Kamfanin da ya ce shararsa ta ragu a lokacin, dole ya faɗi dalili.

Raguwar hayaƙin da kamfani ke fitarwa a 2020 kuwa, sau da yawa kulle ne ya kawo ta, don haka kwatanta da 2019. Sannan ka karanta takardar mai bincike mai zaman kansa da ya tantance rahoton, ka ga alƙaluma nawa ya duba da kansa.