Tambaya da Amsa: Yawon keke a tuddan kudancin Italiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan ana lafiya. Ni ɗan Nijar ne, shekara ta 6 ke nan a Bari ina aiki a wani gidan abinci, kuma kullum da keke nake zuwa aiki in dawo, toh bana zan samu hutun kwana 5 kuma kuɗin zuwa gida bai haɗu ba, shi ne nake so in ɗau kekena in shiga ƙauyuka in sha iska. Amma wallahi titinsu tsoro yake bani, sau ɗaya na bi babban titin bakin teku tirela ta kusa ɗauke ni. Dan Allah ina zan bi wanda ba motoci sosai, kuma hawan tudun ba zai gagare ni ba?
Daga wani mai karatu a Bari

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara tsarewa. Wancan titin da ka bi inaga SS16 ne, kar ka sake komawa kansa da keke, titi ne na masu gudu, wasu sassansa ma doka ta hana keke hawa. Ka juya wa teku baya ka hau tudu, can ne abin da kake nema yake. Sunayen ƙananan garuruwan zan rubuta maka su yadda suke a allon hanya don ka iya nemo su a taswirar wayarka.

Ka fara da kwarin da suke kira Valle d'Itria, kudu maso gabas da Bari. Jirgin ƙasa ko bas na kamfanin Ferrovie del Sud Est na zuwa yankin, sai dai ka tambaya a tasha tun kafin ranar ko wanda za ka shiga yana ɗaukar keke. Ka sauka a Locorotondo ka kama ɗaki a nan, don daga nan zuwa Martina Franca ko Cisternino ko Alberobello duk babu wanda ya wuce kilomita 10, kaga ke nan kullum sai ka fita da safe ka dawo da yamma ba sai ka ɗora kaya a kariya ba. Ƙasar tudu ce mai tsayin kusan mita 400 amma hawanta gajeru ne, ka hau ka gangara ka hau ka gangara, tsakanin gonakin zaitun da inabi da katangun dutse waɗanda aka jera ba siminti. Za ka ga ɗakunan nan masu rufin tsini da ake kira trulli, duk wanda ya taso a ƙauye ya gansu sai ya tuna rumbu, sai dai su da farin dutse aka yi su tun daga ƙasa har tsini. Na Alberobello UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1996 kuma shi ya sa garin ke cika da baƙi, ka shiga da sassafe ka gani ka fita, na cikin gonaki da mutane ke zaune a ciki sun fi daɗin kallo.

Amma hanyar da na fi so ka bi, wadda saboda ita ma na zaɓi wasiƙarka, ita ce ta kan magudanar ruwa, Ciclovia dell'Acquedotto Pugliese. Jihar Puliya, wadda Bari ke cikinta, ba ta da manyan koguna, da can da ruwan sama na rijiyoyin tara ruwa mutane suka dogara, cututtuka suna ta cin su, sai a 1906 aka fara haƙa magudana daga maɓuɓɓugar kogin Sele a Caposele, can cikin duwatsun jihar Kampaniya, aka fasa duwatsu aka biyo da ruwan har ya iso Bari a 1915. Toh da yake ruwan da kansa yake gangarowa ba inji ke turo shi ba, dole aka shimfiɗa magudanar kusan a miƙe, in an zo kwari sai a gina gada ta dutse, kuma hanyar ma'aikata da ke bin samanta ita aka mayar ta keke. Shirin shi ne ta kai kilomita kusan 500 har Santa Maria di Leuca, ba a gama duka ba, amma sashen da ke tsakanin wajen Cisternino da Ceglie Messapica a gyare yake, burji ne mai laushi, ba mota, kana tsakiyar tuddai amma ƙafarka ba ta jin hawa. Ka ba ta yini guda cur, kar ka yi sauri.

In ka ji ƙafa ta saba, kwana biyun ƙarshe ka koma Bari ka shiga jirgin Ferrovie Appulo Lucane zuwa Altamura, ka sayi burodinsu mai ɓawo wanda ke yin kwanaki bai lalace ba, ka taka zuwa Matera, wajen kilomita 20 ne, ta ƙananan hanyoyin gona ba ta babban titin ba. Nan fili ne fetal, alkama da duwatsu da tumaki, inuwa kaɗan ce kuma iska na iya tsayar da kai. Matera gari ne da aka sassaƙa gidajensa cikin dutse, mutane sun zauna a kogunan tare da dabbobinsu har shekarun 1950 da gwamnati ta kwashe su, yanzu kuma tun 1993 yana cikin jerin UNESCO. Shigarsa hawa ce ta gaske, in ta gagara ka sauka ka tura, ba abin kunya ba ne.

Ka'idar zaɓen hanya ɗaya ce, in ka ga SS a allo, wato babban titin ƙasa, ka guje ta, SP, wato titin lardi, da dama-dama, amma ƙananan da ba su da lamba masu ratsa unguwannin gona da suke kira contrada su ne naka. Lokaci kuma Afrilu zuwa farkon Yuni, ko Satumba da Oktoba. Yuli da Agusta zafi na kai 40, kar ka ce ai ni ɗan Nijar ne, rana ba ta san wannan ba in kana kan hawa. Daga ƙarfe 1 zuwa wajen 5 na yamma shagunan ƙauye a rufe suke, ka sayi abinci tun da hantsi. Ruwa akwai famfunan ƙarfe na gwamnati a dandalin kusan kowane gari, ka cika gora, sai in ka ga an rubuta non potabile, wato ba na sha ba ne. Ka riƙe tub 2 da faci da famfon iska, ka sa a duba maka birki da kaca, fitila gaba da baya, da riga mai ƙyalli wadda doka ta wajabta in dare ya yi maka a wajen gari. Takardar zamanka ta kasance a jikinka don ko masauki sai sun gani. Fararen karnukan makiyaya kuwa in sun taso kar ka gudu, ka sauka ka sa keken tsakaninka da su ka wuce a hankali.

TAMBAYA: Malam ni da maigidana muna Napoli, muna so mu yi irin wannan yawon amma abinci ne damuwata, an ce ƙauyukan nan komai da alade.
Daga wata mai karatu a Napoli

AMSA: Hajiya damuwarki a kan hanya take. Capocollo na Martina Franca da bombette da mahauta ke gasawa a Cisternino duk alade ne, kuma akwai na ɓoye, kitsen alade da suke kira strutto yana shiga wasu kayan fulawa kamar pasticciotto, taralli kuma yawanci da farar barasa ake kwaɓa shi. Ki riƙe kalmomin nan, senza maiale (ban da alade), senza strutto (ban da kitsen alade), senza vino (ban da barasa), za su gane. Alhamdulillahi abincin talakan yankin ganye ne da wake da man zaitun, akwai fave e cicoria, dakakken wake da ganye mai ɗan ɗaci, akwai taliyar orecchiette da ganye da ɗan kifi, akwai burodin focaccia mai tumatir da cukwi kala-kala, ba za ku kwana da yunwa ba. Masallaci a ƙauye da wuya, ku riƙe ƙaramar darduma. Kusa da ku akwai hanyar keke ta Via Silente a yankin Cilento, zagaye ne na kusan kilomita 600 da ke farawa daga Castelnuovo Cilento, amma hawanta ba wasa, ku ɗauki zango ɗaya ko biyu kawai kuma ku yi hayar keke mai batir.

TAMBAYA: Hanyar keke ta jihar Kalabriya fa, wato Ciclovia dei Parchi, ana iya yin ta da keken zuwa gona?
Daga wani mai karatu a Rosarno

AMSA: A'a ɗan'uwa, ban ba ka shawara ba. Ciclovia dei Parchi kilomita 545 ce daga Laino Borgo zuwa Reggio Calabria, ta ratsa duwatsun Pollino da Sila da Serre da Aspromonte, wani wurin ta haura mita 1,500 kuma ko da bazara dare da sanyi. Motoci kaɗan ne ƙwarai, daji ne da tafkuna, amma tana son keke mai giya da yawa da birki mai kamawa, don gangarar ta fi hawan haɗari. Ka fara da zango ɗaya a tudun Sila, wajen Camigliatello zuwa tafkin Cecita inda ƙasar ta ɗan kwanta, kuma ku tafi ku biyu don akwai inda waya ba ta samun sabis.