Tayar ƙanƙara a kan kwaltar Legas

Ka ce yayanka da ke Kanada ya sayi Corolla, sanyi ya matso, mai sayar da taya ya ce masa ya ɗauki tayar sanyi wadda ba ta kai ta jikin motar faɗi ba, shi kuma yana tsoron kada a yi masa wayo. Wannan tambayar masu hankali ce. Sai ka zo ka ɓata ta da ta biyun, wai tunda tayar tana iya taka ƙanƙara ai ta fi tamu ƙwari, don me nake korar masu kawo ta a ɗaura musu. Ajiye wayar nan tukuna, yaro, facin taya ka zo koya a shagon nan. In za ka tambaye ni abu, ni za ka kalla.

Bari in fara sallamar yayanka, nasa ba wuya. Ya buɗe ƙofar direba ya duba jikin ƙarfen da ƙofar take rufuwa a kai, akwai 'yar takarda manne, kamfanin motar ya rubuta lambar tayar da iskar da za a ba ta. A ce ya ga 205/55 R16 91H. Faɗi milimita 205, tsayin gefe kashi 55 cikin ɗari na faɗin, rim inci 16. Wannan ko yaron da ya zo jiya bai kamata ya tambaye ni ba. Inda mutane suke makancewa shi ne wutsiyar, 91H ɗin nan. 91 na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 615. H kuma iyakar gudunta kilomita 210 a awa, T 190, V 240. A tayar sanyi ana yarda harafin gudu ya ɗan sauka, don ba mai ƙure maleji a kan ƙanƙara sai wanda ya gaji da duniya. Amma lambar nauyi ba ta sauka, ko da ɗaya.

Mai tayar bai cuce shi ba. Siririyar taya tana tsaga dusar ƙanƙara ta kai ga titi, mai faɗi kuwa sai ta riƙa yawo a sama. Shi ya sa can sukan rage faɗi, su rage rim, su ƙara tsayin gefe. Sharaɗin ɗaya ne: tsayin tayar gaba ɗaya, daga ƙasa zuwa sama, kada ya kauce wa na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari. Lissafa ka gani. 205/55 R16 tsayinta wajen milimita 632 ne. 195/65 R15 wajen 634 da rabi. Tazarar ba ta kai milimita 3 ba, maleji ba zai yi ƙarya ba, ABS, na'urar da ke hana birki kulle taya, ba zai rikice ba. In wannan aka ba shi ya karɓa, amma a gwada rim ɗin inci 15 a ƙafar gaba tukuna a ga bai gogi kan birki ba, ramukan noti kuma sun hau daidai. Ya sayi na ƙarfe, gishirin da suke watsa wa titi yana cin na alminiyam. Huɗu zai saya, kada rowa ta sa ya sa biyu a gaba ya bar baya da na rani, ranar da ya taka birki a kwana bayan motar zai riga gabanta wucewa. In kuwa a jihar Kwibek yake, ba ma zaɓinsa ba ne, doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Kana kallona kana mamakin inda na san wannan alhali ban taɓa taka ƙanƙara ba? Duk tayar da suka gama da ita can, a gaban shagon nan take ƙarewa.

To mu dawo kan shirmen da ka faɗa. Tayar sanyi ba ƙarfi aka ƙara mata ba, laushi aka ƙara mata. Robar taya ta yau da kullum tana sandarewa in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, sai suka haɗa wata robar da ba ta sandarewa, suka yayyanka mata ƙananan tsaga a kan kowane tudu na zanenta don ta kama santsi. Yaushe rabon Legas da digiri 7? Ba ta taɓa gani ba. Da rana muna sama da 30, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. Robar da aka yi don sanyi in ta hau wannan kwaltar sai ta saki jiki, zanen ya riƙa lanƙwashewa, sitiyari ya yi sako-sako, birki ya ƙara nisa, ta cinye kanta cikin ɗan lokaci. Lanƙwasar nan kuma zafi take haifarwa a cikin tayar, zafi shi ne ajalin taya.

Abin da ke ruɗin masu saye shi ne zanen. Ka je kasuwar kayan mota ta Ladipo ka ga an jera su, zane zuru-zuru, kai ka ce ba a taɓa hawa ba. Dalili: can in zanen tayar sanyi ya sauka zuwa milimita 4 ta daina amfani a dusar ƙanƙara, sai su cire, alhali tayar rani har 1.6 ake binta. Jamus ma tun ƙarshen Satumbar 2024 ta daina karɓar mai rubutun M+S (laka da dusar ƙanƙara) kaɗai a matsayin tayar sanyi, sai mai hoton dutse mai kai uku da furen ƙanƙara a ciki. Ina kake zaton irin waɗannan da aka tsame suke nufa? A takardar Kwastam an hana shigo da tsohuwar taya, amma kai ma kana da ido. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta Ikeja ta bi bayanta a 2008, muka koma cin ragowar wasu. Sabuwa ta yi tsada, talaka ya ga mai zane a rabin kuɗi, ya za ka hana shi?

Ni na taɓa hana wani, kuma shi ne abin da ya sa tambayarka ta tsaya mini a wuya.

Wani ɗan kasuwa ne a Mil 12, mai harkar albasa, ɗan gari ɗaya da matata, muna sahu ɗaya a masallaci. Sienna gare shi. Tayarta ta asali 215/65 R16, wadda ke jikinta lambar nauyi 98, wato kilo 750 kowace ƙafa. Ana saura kwanaki Babbar Sallah ya zo mini da tayoyi huɗu a bayan motar, ya ce ya yi dace a kasuwa, in ɗaura masa. Ina sauke ta farko na ga dutsen nan mai kai uku. Na danna farcen babban yatsana a kan zanen, ya nutse, na cire ya bar shaida. Na juya gefen: 205/60 R16, nauyi 92. Kilo 630 ke nan. A ƙafa huɗu motar ta yi asarar kilo 480 na abin da za ta iya ɗauka, tsayin tayar kuma ya gaza na asali da kusan kashi 5 cikin ɗari, motar za ta durƙusa, maleji zai nuna masa gudun da bai kai ba. Laifi uku a taya ɗaya.

Na ce masa Alhaji, wannan ba ta motarka ba ce, ba kuma ta ƙasarka ba ce, mayar musu. Ya ce ba sa karɓa. Na ce to ni ba na ɗaurawa. Ya zauna a kan bencin nan da kake zaune, ya yi ta magiya, ya kawo zumunci, ya kawo maƙwabtaka, ya ce kuɗinsa duk sun tafi kan kaya, daga Agege zuwa Mil 12 kawai zai riƙa yi da ita, bayan Sallah ya sayi sababbi a hannuna. Har da rantsuwa. Kada ka kuskura ka ce laifina ne. Dattijo mai furfura ya ambaci sunan Allah a gabanka, me ya rage maka? Ya bar mini motar ya tafi kasuwa, da yamma ya dawo ya ɗauka, kuɗin aiki ma ya ce sai ya dawo.

Ashe Kano ya nufa. Ya cika ta da fasinja 'yan tafiya Sallah, ya ɗaure buhuna da jarkokin manja a sama, ya kama hanya. Ibadan, Ogbomosho, Ilori, duk ta haƙura. Bayan an ƙetare gadar Jebba, tsakar rana, kafin Mokwa, ta baya ta dama ta tarwatse. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, amma motar ta sauka rami, rim ya fashe, ƙafar ta karye, manja ya yi wa kowa wanka.

Da na ji labari har gida na je yi wa iyalinsa jaje. Ina nan sai ga aike daga dattawan unguwa, wai ana nemana. Na tarar an shimfiɗa tabarmi, shi yana gefe da hannu a naɗe, ga tayar a cikin buhu. Aka zazzage ta. Gefen ya rabu biyu, wayoyi a tsaitsaye, cikinta duk garin roba baƙi ƙirin, alamar ta daɗe tana dahuwa kafin ta fashe. Duk wanda ya san taya kallo ɗaya zai yi mata ya ce lodi ne da zafi. Amma a wurin ba wanda ya san taya sai ni, ni kuma ake tuhuma.

Ka san abin da mutumin nan ya faɗa? Wai sababbi fil ya kawo mini, masu lambar motarsa, ya bar mini mota wuni guda, na sauya masa da gwanjo na sayar da nasa. Ya zaro rasit daga aljihu, an rubuta 215/65 R16 guda huɗu, har da hatimi. Rasit! A kasuwar da in ka ba yaro kuɗin shayi zai rubuta maka ka sayi jirgin sama. Na ce a kira yaron shagona na lokacin, shi ya sauke tayoyin da hannunsa, yana tsaye muka yi gardamar, yana ji aka yi rantsuwar. Aka kira shi. Ya sosa ƙeya ya ce shi gaskiya bai kula ba, yana duba saƙo. Yaron da nake ciyarwa, yake kwana a shagona. Bai yi ƙarya ba ma, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, da gaske bai kula ba. Ba a jima ba ya ajiye sifana ya tafi acaɓa, wai sana'ar faci ba ta kawo kuɗi da wuri. Haka kuke, wata shida kun ƙosa a yaye ku, lambar gefen taya ba ku iya karantawa ba amma kun san kuɗin kowace sabuwar waya.

Dattawa suka yi shawara suka ce ba za a tona ba, a yi sulhu, duk 'yan uwa ne a baƙon wuri. Ni in sayi sababbin tayoyi biyu da rim, in biya rabin gyaran ƙafa, shi ya ɗauki sauran. Wai ni ne babba a sana'a, in yi haƙuri. Sulhu ke nan, wanda aka yi wa ƙarya ya biya rabi. Janaretan da nake tayar da injin iska da shi na sayar, na koma jiran wuta, ranar da ba wuta in zauna ina kallon motoci suna wucewa wurin na gaba. Kuɗin ma da sauƙi. Direbobin tasha da suka yi shekaru suna kawo mini Hiace ɗinsu suka janye ɗaya bayan ɗaya, don magana ta zaga cewa mai facin nan yana sauya taya. Ni da na koya wa rabinsu cewa bas ba ta hawa tayar ƙaramar mota, sai mai harafin C, irin 195 R15C. Na daɗe kafin su dawo, wasu har yau ba su dawo ba. Kuɗin ɗaurin tayar nan huɗu kuwa, har gobe bai ba ni ba.

Shi ya sa ka ga in mutum ya zo da tayarsa nake sa shi ya karanta lambar da bakinsa a gaban mai shayi. Kai ma in ba na nan, kada ka sa jak a ƙarƙashin mota sai ka duba takardar ƙofa, ka duba lambar nauyi, ka nemi dutsen nan, sannan ka duba lokacin da aka yi tayar, wato lambobi huɗun ƙarshe na layin da ya fara da DOT a gefenta: biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara, 2319 sati na 23 ke nan a 2019. 'Yan Rod Sefti shekara huɗu suke ba taya daga ranar da aka yi ta, kuma suna dubawa a hanya. Ka shafa wurin da yatsa, in ka ji ya fi sauran jikin santsi ko ya ɗan faɗa, an kankare an sake bugawa. Wata kuma za ka ga 'yan ramuka a jere a kan zanen, wannan daga ƙasashe irin su Finlan da Suwidin ta fito, ƙusoshi ne a ciki aka zare. Yadda ake cire taya daga rim da yadda ake ba ta iska ba zan ɓata bakina a kai ba, in har yanzu ba ka iya ba ka koma gida.

Mutumin yana nan. Ya sayar da Siennar tuni, yanzu Highlander yake hawa. Duk Juma'a sai ya miƙo mini hannu, Malam mai faci ya aiki, in ce alhamdu lillahi. Makon jiya da aka idar da salla na bi ta gefen motar tasa na ɗan sunkuya. Ta baya ta hagu dutse mai kai uku ne a jikinta, ƙarshen lambarta 17. Ban ce masa komai ba.