Hukuncin buɗe wurin tausa da kuɗin lasisin ƙaramar hukuma

Tambaya: Malam na koyi tausa da gyaran jiki, ina so in buɗe shago a unguwarmu, sai ma'aikatan ƙaramar hukuma suka ce sai na yi rajista na biya kuɗin lasisi, za su riƙa zuwa duba wurin. Wani ya ce min kuɗin nan maksu ne haramun, in yi abina a ɓoye. Kuma wasu kwastomomin ta WhatsApp suke kirana in je in same su gida ko otal.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sa wa neman albarka. Tausa sana'a ce halal, mace ga mace, ki kiyaye tsakanin cibiya da gwiwa sai da larurar ciwo ko ta jego.

Amma ni a tambayarki layin ƙarshe ne ya tsaya min a rai, zuwa otal ɗin nan. Waye ya kira ki? Lamba kawai kika gani da hoto, ba ki san ko namiji ne a bayan wayar ba. In namiji ne ba maganar halacci ko da an ce ciwon baya ne, ya nemi namiji ɗan uwansa, ko ya je asibiti sashen gashin ƙashi. In ma mace ce kar ki tafi ke kaɗai, kuma da sanin mijinki ko mahaifinki. Otal kam ki bar shi kwata-kwata, dan Allah.

Shi kuma mai cewa lasisi maksu ne, ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Maksu shi ne a tare mutum a karɓe dukiyarsa da ƙarfi ba da wani haƙƙi ba, irin wannan ne Shehu Usmanu ya soki sarakunan Haɓe da shi a littafinsa Kitabul Farƙ. Sa ido a kan sana'a kuwa aikin hisba ne tun da can, muhtasibi, wato jami'in hisba, har gidajen wanka yake shiga ya duba tsafta da suturce al'aura, kuma manyan malamai irin su Gazali da Shaɗibi sun yarda shugaba ya ɗora wa jama'a kuɗi in akwai buƙata ta gaskiya da adalci. A Najeriya ma tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon kula da shaguna. Toh sana'ar da ake rufe ƙofa a taɓa jikin mutum, wadda wasu suka mayar da ita rigar fakewa ta fasiƙanci, ai ita ta fi kowace buƙatar a san mai ita da inda take. Ko da mun ɗauka kuɗin zalunci ne, laifin na kan mai karɓa, ke da kika biya dan kare sana'arki ba ki da zunubi, ɓuyan kuma ke zai jawo wa zargi ranar da aka kai samame.

Ki biya ki karɓi rasit. Wanda ya ce ki ba shi "na goro" ba takarda, wannan rashawa ce, kar ki bayar. Ma'aikatanki su zama mata zalla, ki hana ɗaukar hoto a ciki, kuma ki ja musu kunne kar a siffanta jikin wata a waje. Wallahu a'alam.