Kar ka kuskura ka ja igiyar injin nan

Kai yaro naga saƙonka tun jiya. Wai ruwan daren Talata ya cika gidan wani mutum a unguwarku, janaretansa ya kwana a ciki har saman tanki, inbata da batira ma ruwa ya taɓa su, kuma tun ranar ba a kawo wuta ba shine ya matsa maka lamba, kai kuma kana tambayata ko ka shanya injin a rana wuni biyu ka ja igiya ka gani. Ka ja igiya ka gani! Duk zaman da kayi a shagona kana wanke min sufana abin da ka kwaso kenan? Toh kar ka ja. Ko maigidan zai yi birgima a ƙasa kar ka ja, kuma ka cire igiyar ma gaba ɗaya ka sa a aljihu ka tafi da ita gida, yanzu zaka ji dalili.

Lokacin ambaliyar Maiduguri kai kana ƙauyenku shi yasa baka ga abin da idona ya gani ba. Dam ɗin Alau ya ɓalle cikin dare, aka wayi gari ranar 10 ga Satumba 2024 kogin Ngadda ya shigo cikin gari, dattawa suna cewa rabon da a ga irin wannan tun 1994. Gwange, Fori, Kwastam, Monday Market, har fadar Shehu da asibitin koyarwa duk ruwa, gidan zoo ma ya cika kadoji da macizai suka fita. Kuma ka san garin nan tun 2021 da aka fasa turakun wutar hanyar Damaturu muka daɗe a duhu, kowa ya koma inji da sola, to duk wannan kayan ne suka nutse lokaci guda. Da ruwa ya fara janyewa wayata ko hutawa bata yi.

Cikin masu kiran har da wani Alhaji mai gidan ruwan leda, ba zan kama sunansa ba, Allah ya san shi ai. Babban janareta ne da shi mai shan gas, Perkins 40kVA, a wani ɗaki bayan kamfanin. Na shiga ɗakin laka har ƙwauri, ga wari kamar ka amayar da hanjinka don duk shaddar unguwar ta haɗe da ruwan, a jikin bango kana ganin layin inda ruwa ya tsaya ya wuce kan injin da kusan kamu ɗaya. Na zaro gejin baƙin mai ya fito fari-fari kamar shayin da aka cika wa madara. Na buɗe iyakilina, wato matatar iskar inji, taɓo cunkus. Na kwance ƙasan salansa ruwa ya zubo min a ƙafa. Nace Alhaji injinka bai mutu ba, tunda a kashe yake ruwan ya same shi za a iya ceto shi tsaf, amma sai kayi haƙuri da ni don aikin ba na yau da gobe bane. Yace ba komai oga, kai ne likita. Sai yace wai bankuna ba sabis, in taimaka in sayo abin da ake buƙata da kuɗina zai haɗa min da na aiki. Na je na sayo baƙin mai, filtoci, sabon AVR mai daidaita ƙarfin wuta, ga kaya sun yi tsada a lokacin don rabin shagunan kasuwa ruwa ya cinye su, abin ya haura N300,000, har da kuɗin makarantar yara na taɓa.

Ranar farko na cire batir, na zubar da gurɓataccen mai, na tsiyaye tankin gas don ruwa ƙasa yake kwanciya gas ɗin ya hau samansa, kafin in gama magariba ta yi. Nace gobe da sassafe zan cire nozul in juya injin da hannu ruwan da ke cikin silinda ya fito, in kwance manifol, bututun da iska ke bi ta shiga inji, in wanke, sannan mu koma kan koyil, naɗin wayar da ke bada wuta. Na faɗa wa Alhaji, na faɗa wa maigadi, na faɗa wa ɗansa wani mai ɗamammen wando da waya biyu a hannu, nace kar wanda ya taɓa injin nan. Akwatin kayan aikina da megata, na'urar da nake gwada ko wuta na zurarewa daga koyil, na bar su a ɗakin don wa zai yi ta jigilarsu cikin caɓi.

Ashe ruwan sha yayi tsada a gari tunda rijiyoyi da burtsatse duk sun gurɓace, jakar ruwan leda ta zama zinare, Alhaji yana ganin kuɗi na wuce shi. Cikin dare ɗan nan nasa ya kalli wani bidiyo a YouTube, suka ciro batirin mota, suka juye sabon man da na sayo da kuɗina, suka jona tiyo a jarkar gas, ya fesa fetur a bakin manifol ya murɗa ki. Injin ya kama kuwa. Maigadi da bakinsa ya gaya min ko minti ɗaya bai yi ba ya zuƙi ruwan da ya kwanta a manifol, sai ji suka yi gwaram, kwanrod, ƙarfen da ke riƙe fistin, ya karye ya huda bulok ɗin inji ya leƙo waje, ta baya kuma koyil yana hayaƙi don da laka da danshi ya fara bada wuta. Ruwa baya matsuwa yaro, iska ce ke matsuwa, in fistin ya taso ya tarar da ruwa a gabansa dole wani ƙarfe ya bada kai.

Da safe na zo da ƙwarin gwiwata na tarar da ɗaki a kulle, Alhaji ya haɗe rai wai ni ne na taɓa injin ƙarshe, wai da ban kwance masa kaya ba da lafiyarsa lau. Injin da ya sha ruwa ya ƙoshi! Yace kayan aikina ba za su fita ba sai na biya shi inji. Muka je gaban mai unguwa, nace a kira maigadi, mutumin ya sunkuyar da kai yace shi barci yake bai ga komai ba, ban ma ga laifinsa sosai ba, albashinsa yake karewa kuma shi ma gidansa ya rushe. Dattawa suka ce ai lokaci ne na jarrabawa kowa yayi asara a yafi juna. Wato shi ya yafe min laifin da ban yi ba ni kuma in yafe masa kuɗina. Aka miƙo min akwati babu mega a ciki, wai ba su ganta ba. Megar nan ta hannu ce mai wainawa, a wurin wani tsohon injiniyan NEPA na saye ta tun ina saurayi, irinta ba a samu yanzu sai na roba da kake taɓawa su mutu. Azumi na zagayowa aka ce min Alhaji ya tafi Umara. Wallahi har yau in na bi ta layin nan sai na ji ɗaci a maƙogwarona, kuma ban yafe ba, akwai ranar da maigadi ba zai ce barci yake ba.

Toh kai naka ƙaramin na fetur ne, ba sai na tsaya ina koya maka cire fulogi da wanke kafireta da canza mai ba, in baka iya wannan ba ka koma sayar da rake. Abin da yaran yanzu ke tsallakewa shine koyil. Kuna ganin bayan inji ya bushe sai ku ce shikenan, alhali laka tana can cikin wayoyin ta riƙe danshi. Wanke shi zaka yi da ruwa mai tsabta tukuna, eh ruwa nace, lakar ce abokiyar gaba, sannan ka busar da shi da zafi a hankali, ka rufa masa tamfol ka sa ƙwan fitila mai zafi a ciki ya kwana ya wuni, ko ka kai wa masu riwayin, wato masu naɗa koyil, su sa a oven ɗinsu. Kar ka kara shi da wutar gawayi kai tsaye, banish ɗin da ya rufe wayar zai ƙone. Bayan nan ka sa mega a 500V tsakanin waya da jikin inji, in bai kai megohm 1 ba bai bushe ba ka mayar. Wannan 'yar mitar taka mai batir 9V ba zata nuna maka komai ba, zata ce lafiya lau sai wuta ta hau ka ga hayaƙi. AVR da ya nutse kuma jefar da shi, bana jayayya a kansa.

Solar gidan ta fi bani tsoro akan injin. Ku kuna cewa ai ba NEPA sai ku shiga ruwa ku kama waya, kun manta fanel yana kan rufi rana na dukansa, shi bai san an yi ambaliya ba wutarsa yake turowa, kuma wutar nan tasa ta DC in ta kama ka ba wasa bane. Ka raba fanel da inbata tukuna, hannu a bushe ƙafa cikin takalmin roba. Batiran in masu ruwa ne a duba su, in litiyom ne kuma ruwa ya shige shi fitar da shi tsakar gida nesa da ɗakin kwana, yana iya yin shiru kwana da kwanaki sannan ya kama da wuta. A watan da aka yi tamu ambaliyar guguwar Helene ta afka wa Florida a Amurka, hukumominsu suna ta gargaɗi akan motocin lantarki da ruwan teku ya shiga saboda wannan matsalar, to su masu kayan kashe gobara kenan balle kai da bokiti.

Wayarin ɗin gida kuma duk soket da makunni da bireka da ruwa ya rufe canza su ake yi, laka na shiga ciki bireka ta daina faɗuwa lokacin da ya kamata. Buɗe akwatunan bango ka gani, fayif ɗin da aka binne yana riƙe ruwa sama da yadda kake zato. Kashe babban layi kafin ka taɓa komai don wuta bata sallama in zata dawo. In kuma maigidan yace zai aro injin maƙwabci kafin nasa ya gyaru, ta cenjoba, makunnin da ke raba wutar inji da ta NEPA, za a haɗa, ba wannan haukan na cusa waya a soket ba, wutar komawa take kan layi ta kashe ma'aikacin da ya hau falwaya yana gyara. Kuma a waje za a ajiye shi, na san za su ce ƙasa a jiƙe take ko ɓarayi, hayaƙin inji ya sha kwantar da iyali guda cikin barci ba su farka ba. Ka sa safar hannu, in kana da ciwo a ƙafa kar ka shiga ruwan, bayan ambaliyarmu kwalara ce ta biyo baya.

Gobe bayan azahar ka zo ka karɓi sabuwar megar, a hannunka zata kwana ba a gidan mutane ba. Kafin ka kwance ko noti ɗaya ka karɓi kuɗin kaya cif da rabin na aiki, in maigidan yace ba sabis kace kai ma sufanarka ba sabis. Ka ɗauki hoton injin yadda ka same shi, tunda dai wayar nan bata barin hannunku ta yi amfani ko sau ɗaya, kuma gargaɗin kar a tayar ka faɗe shi gaban maƙwabta biyu waɗanda ba a gidan suke cin abinci ba.